Mai kwamfutar da ya hana ni sayen giyar mota, yaransa suka bar ni da yoyo

Masu Corolla 'yar 2005 irin tawa, in giyarku ta fara jinkiri kada ku yarda a sauke ta tun ba a duba mai an sa kwamfuta ba. Tawa da safe in na sa D sai ta yi shiru, can kuma ta fizga da ƙarfi. In na tashi daga shataletale injin ya yi ta ihu, allura ta haura 3000, amma ta ƙi barin giya ta ɗaya. Abin ya fi muni da rana a cunkoson titin Ahmadu Bello, cikin Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke wuce digiri 40. Bakaniken da ke mini juye ko bonet bai ɗaga ba ya ce, "Alhaji, giya ta tafi, sai dai a ɗauko 'yar Kwatano daga Kano." Kun dai san kuɗin da ake kira yanzu.

Wani abokin aikina ne ya tura ni wurin wani mai kwamfuta a hanyar Birnin Kebbi, kuma gaskiya mutumin ya ba ni mamaki. Bai yi saurin jona na'ura ba. Ya ce in shiga gefe, ya ja motar da kansa har ta yi zafi, yana kasa kunne duk inda ya kamata ta canza. Da muka dawo ya bar injin a kunne, ya bi da lebar giya ta kowane gurbi ya mayar da ita P, sannan ya zaro gejin man giya ya goga a farar takarda. Kusa da shi ya ɗiga sabon mai. Sabon ja ne garau, nawa kuwa ya koma kalar shayin da ya kwana a buta. Ya miƙo mini ya ce, "Shinshina, Alhaji." Ƙauri ne sosai. Sai ya tambaye ni, "Mi aka zuba mata?" Ya juya gejin ya nuna mini rubutu a jikin ƙarfen, T-IV, wato irin man da Toyota ta ce a zuba. Ashe abin da ake ta cika mini shi ne jan man nan da ake sa wa sitiyari, don shi ma ja ne.

Bayan haka ne ya jona kwamfuta, ta fito da lamba P0756. Ya ce wannan solonoyid ne na biyu, wani ɗan bawul mai aiki da wuta da ke buɗe wa mai hanya in lokacin canji ya yi. In datti ya maƙale masa, ƙwaƙwalwar mota za ta ba da umarni amma mai ba zai wuce a kan lokaci ba, shi ne jinkirin da nake ji. Ya sa aka kwance farantin ƙasan giya a gabana. Maganaɗisun da ke ciki sun tara wani laushin toka, ya murza da yatsa ya ce wannan ba komai, duk tsohuwar giya na yin sa. "In da ƙarfe mai ƙyalli muka tarar, da ni da kaina zan ce ka sayi wata." Ya auna solonoyid ɗin da mita, waya lafiya lau, amma da ya ba shi wutar batir da ƙyar ya yi ƙas. Aka canza shi, aka sa sabuwar filta, aka zuba T-IV kimanin lita 3. Ya ce sauran tsohon man yana cikin konbata, wato tulun nan da ke haɗa inji da giya, ba ya fita da juye ɗaya, don haka in yi tafiya da ita in dawo a sake. Na tambaye shi batun injin wanke giya da wasu ke talla, ya ce a tsohuwar mota bai yarda da shi ba. Muka fita gwaji har kusa da Bodinga, giya na shiga lami lafiya, ko ji ba ka yi.

A ranar nan da za a ce in yaba, da na cika shafi. To amma washegari maigadi ya nuna mini jan ɗigo a ƙarƙashin motar. Na biya kuɗin sabon fakin faranti, wato abin da ake sawa a bakinsa don hana yoyo, ashe yaransa tsohon suka mayar suka shafe shi da gam, alhali ogan nasu da bakinsa ya gaya mini guntun gam na iya faɗawa ciki ya toshe filta. Ga kujerar direba duk shatin baƙin hannu, ita ma ban manta ba. Na koma, oga ba ya nan, waya a kashe, wani yaro ya ɗauko sifana zai ƙara ɗaure kusoshi, na ce kul. Da ya samu zuwa ya ba ni haƙuri, ya sa sabon fakin, amma man da ya zube ni na sake saye, kuma ko kwabo bai rage mini ba. Wannan ya ƙona mini rai fiye da yoyon.

Wajen gano ciwo ban ga kamarsa a garin nan ba, kuma giyar har yau ba ta sake jinkiri ba. Amma in za ku kai, ku sayi mai da fakin da hannunku, ku tsaya a kan yaran har a ɗaure kusa ta ƙarshe. Juye na biyun da ya ce, na riga na sayi man yana but, kuma ba zan je ba sai na kira na tabbatar shi kansa yana garejin.