Kafin ka biya kuɗin wurin ninkaya: wane ruwa ya cancanci jikinka da na 'ya'yanka?

Yawancin masu neman wurin ninkaya da ido suke yanke hukunci. Ruwa ya yi garau, tayil na sheƙi, ga warin kulorin tun daga bakin ƙofa, sai a zaro kuɗi a biya na wata ko na shekara. Alhali wannan warin da ake ɗauka shaidar tsabta, shi ya kamata ya fara sa ka ja da baya. Ruwan da ake kula da shi yadda ya dace ba ya wari can-can. Abin da ke hawa hanci, ya sa ido ya kaɗa ya yi ja, sinadarin kuloramin ne, wanda ke samuwa idan kulorin ya gauraya da gumi da fitsari da dauɗar jiki. Wato kulorin ɗin da aka zuba don kashe ƙwayoyin cuta ya ƙare a kan ƙazanta.

Ko da kulorin ya wadata, ba nan take yake gamawa da kowace ƙwaya ba. A ƙididdigar hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, idan akwai miligiram 1 na kulorin a kowace lita, ƙwayar E. coli ba ta kai minti 1, ta ciwon hanta nau'in A tana ɗaukar kusan minti 16, Jiyadiya mai sa gudawa kuma minti 45. Amma Kiriptosporidiyam, wadda ake taƙaitawa da Kiripto, tana da ɓawo mai tauri, tana iya wuce kwana 10 da ranta. Gudawa take sawa mai ruwa-ruwa, wadda kan kai mako biyu ko uku, kuma kurɓa ɗaya ta gurɓataccen ruwa ta isa. Rahoton da hukumar ta fitar a 2018 ya nuna cewa daga 2000 zuwa 2014 an samu ɓarkewar cuta sau 493 a wuraren ninkaya da ake zuba wa magani a ƙasar, mutum 27,219 suka kamu, 8 suka rasu, kuma Kiripto ce a kan gaba.

To, wane irin wuri za ka zaɓa?

Na otal shi ya fi ɗaukar ido, kuma shi na fi so a yi wa kallon tsanaki. A wancan rahoto, kusan kashi ɗaya cikin uku na ɓarkewar a otal-otal suka auku. A ganina dalilin a fili yake: otal ɗakunan kwana yake sayarwa, ruwan ƙari ne kawai, don haka sau da yawa mai kula da shi yana da wasu ayyuka goma a wuyansa. Baƙi kuma yau su zo gobe su tafi, wanda cikinsa ya ɓaci yana can wani gari, ba mai dawowa ya ce ruwanku ne. Akwai otal masu ƙwararren ma'aikaci na musamman, amma sai ka tambaya za ka sani, yawan taurarin da ke jikin allo ba zai gaya maka ba.

Na kulob, makaranta ko gidan motsa jiki, inda mutane ke zuwa atisaye a kai a kai, yawanci ya fi samun ido. Fuskoki ɗaya ne kullum, ruwa na canza launi za su yi magana. Idan rufaffe ne, matsalarsa iska ce. Kuloramin yana taruwa daf da saman ruwa, daidai inda mai iyo ke jan numfashi, kuma yana iya tayar wa mai asma da ciwonsa. Ka tsaya minti biyar a gefen ruwan. In ka ji maƙogwaro na ƙaiƙayi ko ido na yaji, iskar ba ta fita yadda ya kamata. Na fili kuwa iska ba damuwarsa ba ce, rana ce ke cinye masa kulorin. Don haka ake zuba wani sinadari mai suna sayanurik asid ya kare shi, sai dai shi ma yana rage wa kulorin hanzari. Inda ake amfani da shi, kulorin kada ya gaza miligiram 2 a lita.

Inda zuciyata ta fi tsayawa shi ne ɗan kwamin yara da filin fesa ruwa. Iyaye na ganin ruwa iya gwiwa sai hankali ya kwanta, tunda fargabar nutsewa ta ragu. Amma ruwan kaɗan ne, rana na ɗumama shi da wuri, masu shiga kuma su ne masu sanye da kunzugu, masu shan ruwan da gangan, masu zama daram a kan bakin famfon da ke feso ruwa, wanda daga nan zai koma tanki ya sake fitowa a fuskar wani yaron. Kunzugun ninkaya yana ɗan riƙe kashi mai tauri, ba ya tare gudawa ko ƙwayoyin cuta. A binciken jami'an lafiya na 2013 a jihohi biyar na Amurka, duba 1 cikin 8 ya ƙare da rufe wurin nan take, a kwamin yara kuwa 1 cikin 5. Idan da ƙananan yara za ka riƙa zuwa, nemi wurin da bayan kulorin yake bi da ruwansa ta na'urar hasken ultrabayolet ko iskar ozon, domin su ne ke iya karya lagon Kiripto. Wannan ƙari ya cancanci ƙarin kuɗi, fiye da zamiya mai launi-launi.

Wanda ake tallatawa da sunan ruwan gishiri, kada a ruɗe ka cewa babu kulorin a ciki. Na'ura ce ke sarrafa gishirin da lantarki ta mai da shi kulorin. Wasu na jin ya fi laushi a fata, amma awo ɗaya yake buƙata da sauran.

Bahon ruwan zafi mai ɓulɓula shari'arsa daban. Zafi na saurin ƙarar da kulorin, shi ya sa ake so ya kai miligiram 3 a lita, zafin kuma kada ya haura digiri 40. A nan ƙwayar Sudomonas ke sa ƙuraje masu ƙaiƙayi, musamman inda rigar wanka ta manne wa fata. Lijiyonela kuma ba sai an haɗiyi ruwa ba, ta feshin da ake shaƙa take shiga huhu ta haddasa nimoniya mai tsanani. Wanda ya haura shekara 50, mai shan taba, mai ciwon huhu ko raunin garkuwar jiki, ban ga dalilin da zai sa ya ƙara ko sisi don samun wannan bahon ba.

Kowanne ka karkata gare shi, kada ka biya kuɗin shekara kafin ka sayi tikitin rana ɗaya, kuma ka je lokacin cunkoso, ba da sassafe ba sa'ad da ruwan ya kwana yana hutawa. Tsaya a ɓangare mai zurfi ka leƙa: murfin magudanar da ke ƙasa ya fito sarai, a ɗaure, ba tsagewa. Shafa tayil ɗin daidai inda ruwa ya tsaya. In yatsanka ya ji santsi kamar yauƙi, ƙwayoyin cuta ne suka yi shimfiɗa, kuma kulorin na shan wahalar ratsa ta. Kasa kunne ka ji ko injin tace ruwa na aiki. Leƙa banɗaki ka ga ko akwai sabulu da shawa mai ruwa, tunda ɗauraye jiki na minti 1 kafin shiga yana cire yawancin dauɗar da ke cinye kulorin. Akwai kuma 'yan takardun gwaji da ake sayarwa, ka tsoma ɗaya ka gwada launinta da jadawalin jikin kwalba: kulorin aƙalla miligiram 1, ma'aunin tsamin ruwa, wato pH, tsakanin 7.2 da 7.8.

Sai ka nemi ganin littafin awo. Wurin kirki yana auna ruwansa sau da dama a rana yana rubutawa, kuma lambobin kan ɗan hau su sauka. In ka ga lamba ɗaya tak daga farkon shafi har ƙarshe, da biro ɗaya da hannu ɗaya, akwai alamar a zaune aka cike shi.

Duba kuma ko suna hana mai gudawa shiga. Wanda aka tabbatar yana da Kiripto sai ya ƙara mako 2 bayan cikinsa ya tsaya, kuma wannan ƙa'ida ta hau kanka da yaranka kamar yadda ta hau kan kowa. Daga nan ka tambayi mai kula da ruwan kai tsaye: idan yaro ya yi gudawa a ciki, me kuke yi? Amsar da ta dace ita ce a fitar da kowa, a ɗaga kulorin zuwa miligiram 20 a lita na kusan awa 13 ko fiye, sannan a saukar da shi kafin a buɗe. Wanda ya ce maka ai kwashewa suke yi da raga a ci gaba da wanka, mai da kuɗinka aljihu.