SWFObject: Abin Da Ya Iya Da Inda Ya Gaza Wajen Gano Flash a Burauza

SWFObject ɗan guntun rubutu ne na JavaScript, harshen shirya manhaja da burauza ke aiki da shi, mai nauyin kusan kilobayit 10, wanda masu gina shafukan intanet suka daɗe suna dogaro da shi domin gane ko mai ziyara yana da Flash Player (manhajar kamfanin Adobe mai kunna bidiyo da wasanni a shafukan intanet) a burauzarsa, da kuma wane zubi yake da shi. Geoff Stearns ne ya fara rubuta shi da sunan FlashObject, aka sauya masa suna a 2006, daga baya ya haɗa hannu da Bobby van der Sluis suka fitar da zubi na biyu, wanda ya kai 2.2 a 2009. Kyauta ake bayar da shi, ƙarƙashin lasisin MIT, wanda ya ba kowa damar amfani da shi.

Aikin da ya ɗauke wa mutane ba ƙarami ba ne, domin a wancan lokaci burauzoci ba su da amsa guda ga tambaya guda. Firefox, Safari da Opera suna da jerin da ake kira navigator.plugins, inda ake neman sunan Shockwave Flash a karanta lambar zubinsa. Internet Explorer kuwa yakan bar wannan jeri fayau, sai an yi ƙoƙarin tayar da Flash ta hanyar ActiveX, fasahar Microsoft ta ƙara wa burauza manhajoji, a ga ko zai amsa. Wanda ya rubuta nasa binciken da kansa yakan gyara wata burauza ya ɓata wata. Da Flash Player 10 ya fito a 2008, shafukan da ke karanta lamba ɗaya tak sai suka ɗauki 10 a matsayin 1, suka riƙa cewa mutumin da ke da sabon zubi fil ya je ya sabunta nasa. SWFObject yana karanta lambar gaba ɗayanta, kuma layi guda na umarninsa mai suna hasFlashPlayerVersion ya wadatar a sami amsar e ko a'a.

Sai dai abin da ya fi burge ni a cikinsa shi ne ladabinsa ga mai ziyara. Tsarinsa ya sa mai shafi ya fara rubuta abin da kowa zai iya gani, wato rubutu, hoto ko mahaɗi, a daidai gurbin da Flash zai zauna, sannan idan bincike ya tabbatar akwai Flash sai a musanya. Idan babu, abin da aka rubuta da farko yana nan daram. Wannan ya yi rana lokacin da iPhone ya bazu ba tare da Flash ba: shafin da aka gina da kula yakan nuna hoton kaya, farashi da lambar waya, na maƙwabcinsa kuma farin fili ne da saƙo guda mai umartar mutum ya sauke manhajar da wayarsa ba za ta taɓa karɓa ba. A ganina wannan bambanci kaɗai ya isa a yaba wa waɗanda suka tsara shi.

Rauninsa shi ne duk abin da burauza ta faɗa masa shi yake ɗauka. Tun daga ƙarshen 2016 Chrome ya fara ɓoye Flash har sai mai ziyara ya ba da izini, don haka SWFObject yakan ce babu alhali akwai, kuma ba shi da hanyar bambance wanda bai girka ba da wanda aka toshe masa. Haka kuma Flash kaɗai ya sani. Mai neman wasu manhajojin burauza irin su Java ko Silverlight sai ya nemi wani kayan aikin.

Yau ƙasar da ya tsaya a kai ta riga ta zaizaye. Adobe ya daina tallafa wa Flash a ranar 31 ga Disamba 2020, ya toshe shi daga 12 ga Janairu 2021, Chrome 88 da Firefox 85 kuma suka cire shi ɗungurungum. Jerin navigator.plugins ma ya koma ƙayyadaddun sunaye na masu buɗe PDF, saboda kamfanonin talla sun riƙa amfani da shi wajen bin sawun mutane. Ba zan ba kowa shawarar sa SWFObject a sabon shafi ba; wanda yake son sanin ko burauza tana buɗe PDF ya tambayi navigator.pdfViewerEnabled, mai bidiyo kuma HTML5, tsarin rubuta shafuka da ke kunna bidiyo ba tare da Flash ba, ya ishe shi.

Wanda ya gaji tsohon shafi mai darussa ko wasannin Flash kuwa kada ya yi gaggawar goge shi. Ruffle, manhaja mai kwaikwayon Flash Player da aka rubuta da harshen Rust, wadda rumbun adana shafuka na Internet Archive ke amfani da ita tun 2020, tana sanya kanta a jerin navigator.plugins a matsayin Flash, sai SWFObject ya gan ta ya buɗe fayil ɗin kamar yadda ya saba. A loda Ruffle kafin SWFObject, sannan a gwada kowane fayil ɗaya bayan ɗaya, domin ba duk abin da aka rubuta da ActionScript 3, harshen shirya manhajojin Flash, ne yake tafiya sumul ba tukuna.