Session na requests: yana riƙe kuki da kyau, amma ba ya faɗa maka an kore ka

Ga mai rubuta Python a Yamai da ke son shiga wani shafi da suna da kalmar sirri ya kwaso bayanai kullum, requests.Session ya wadatar, in dai an san ramukansa. requests laburaren Python ne na aika buƙatu zuwa shafukan intanet; Kenneth Reitz ne ya fito da shi a 2011, kuma kyauta ne.

HTTP, ƙa'idar da shafukan intanet ke magana da ita, ba ya tuna kowa. Uwar garke, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, da kuki (ɗan bayanin da take ba ka ka riƙa dawowa da shi) take gane ka, kamar tikitin da mai tsaron moto a bakin Babbar Kasuwa ke miƙa maka: in ya ɓace, bai san ka ba. requests.get() na kai tsaye yana yar da tikitin bayan kowace buƙata, shi ya sa za ka shiga lafiya, a karo na biyu a maido ka bakin ƙofa. Buɗe s = requests.Session() sau ɗaya, komai ya bi ta s.get da s.post.

Kada ka aika kalmar sirri da farko. Fara da s.get a shafin shiga, ka ciro ɓoyayyar lambar da ke cikin fom: csrfmiddlewaretoken in da Django aka gina shafin, _token in da Laravel ne, ka haɗa ta da suna da kalmar sirri. In babu ita, za a ƙi ka: Django zai ba ka lambar kuskure 403, Laravel 419.

Inda ya fi ba ni haushi shi ne 200, lambar da ke nufin buƙata ta yi nasara. In zamanka ya ƙare, uwar garke kan amsa da 302, wato ta juya ka zuwa shafin shiga, requests ya bi shiru, ya kawo maka 200 kamar komai lafiya lau. raise_for_status(), mai tsayar da shiri in an samu lambar kuskure, ba zai ce uffan ba. Sai da safe ka buɗe fayil ɗari, kowanne fom ɗin shiga ne. Kuma zaman kan ƙare da wuri: PHP, in ba a taɓa saitinsa ba, yana iya share shi bayan daƙiƙa 1440 na rashin motsi, wato minti 24, alhali sessionid, kukin zama na Django, yana kai mako 2. Magani: bayan kowace buƙata duba r.url da r.history, in ka ga an juya ka, sake shiga sau ɗaya tak, kada maimaitawa ta sa a rufe asusun.

requests ba ya zuwa da iyakar jira kuma. Rezo ya yanke da rana tsaka, shirin ya tsaya cak har gobe. Sa timeout=(5, 30) a kowane kira.

Saboda ɗaukewar wuta, ajiye kukin a fayil: mai da s.cookies MozillaCookieJar, ma'ajiyar kuki ta Python mai rubutawa a fayil, ka yi save da load da ignore_discard=True, in ba haka ba kukin zama ba zai shiga ba. Fayil ɗin makulli ne, wanda ya same shi ya zama kai. Kada ya hau GitHub, shafin da ake ɗora lambar shirye-shirye.

JavaScript kam, wato lambar da burauza ke gudanarwa, requests ba ya gudanar da shi ko kaɗan. Shafin da ke ƙera lambar shigarsa a cikin burauza, Playwright, mai tuƙa burauza ta gaske, za ka nema.