Na ɗora Windows 11 a shagona, ga abin da na gani bayan 'yan watanni

Salamu alaikum 'yan uwa. Kusan duk wanda ya shigo shagona yanzu ya ga allon laftof ɗina ya canza sai ya tambaya, Malam wai wannan Windows 11 ɗin da ake ta magana ya kai mutum ya wahalar da kanshi ko a barshi kawai? Na gaji da maimaita amsa ɗaya shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, wanda ya tambaya sai in tura mashi.

Ni dai ba injiniya ba ne. Ɗan shago gare ni nan wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina, taifin da firintin da fotokwafi, yawancin masu zuwa ɗaliban Jami'ar Umaru Musa Yar'adua ne da na Poly da Al-Qalam masu kawo furojet, sai masu cire sakamakon jarrabawa da masu katin ɗaurin aure. Kwamfuta uku gare ni, laftof HP EliteBook 840 G5 wadda na saya ta hannu, da destof biyu tsofaffi da yarona ke aiki da su.

Kuma ba marmari ya sa na canza ba. Windows 10 tun 2015 ya fito, tsakani da Allah na ji daɗinshi, hannuna ya saba dashi har ba sai na kalla ba. Abin da ya tada ni shi ne Microsoft sun sanar cewa daga 14 ga Oktoba 2025 sun daina turo mashi afdet na tsaro kyauta kamar da. Akwai wani dattijo maƙwabcina da ya zo mani hankali tashe wai ya ji an ce ranar duk kwamfuta mai Windows 10 za ta mutu, na ce Baba kwantar da hankalinka ba abin da zai same ta, za ta kunnu ta yi aiki kamar kullum. Abin da ya canza kawai shi ne in ɓarayin intanet suka gano wata ɓaraka babu mai zuwa ya toshe maka. Ga wanda kwamfutarshi ke ɗaki yana kallon bidiyo da ita wannan ba wani abin tashin hankali ba ne sosai, amma ni fa filash ɗin mutane nawa ke shiga kwamfutata a yini, wani filash ɗin kana sakawa ka ga bairos ya maida foldoji duk sun koma shotkot, sannan a kanta nake shiga imel da banki, takardun mutane kuma amana ne a hannuna. Ban manta da 2017 ba lokacin da bairos ɗin nan WannaCry ya kulle kwamfutocin asibitoci a Ingila, kuma waɗanda ya fi kamawa su ne waɗanda ba a yi ma afdet ba.

To sai matsala ta farko, wadda ita ce ma babba a wajenmu nan Katsina. Ba kowace kwamfuta Windows 11 ke yarda ya hau ba. Yana son ram aƙalla giga 4, wurin ajiya giga 64, da wani ɗan abin tsaro da ake ce ma TPM 2.0, sannan furosesa in Intel ce sai ƙarni na 8 zuwa sama, in AMD ce daga Ryzen 2000, su ma 'yan 2000 ɗin ba duka ba. Ka duba kasuwarmu ka gani, laftof ɗin da suka cika hannun ɗalibai irin su 840 G3 ƙarni na 6 ne, lafiyarsu lau, suna aiki kamar doki, amma ba su cikin lissafi. Wannan abin har yanzu yana ci mani rai, dan mutumin da ya tara kuɗi wata da watanni ya sayi na'ura mai kyau ba ƙaramin abu ba ne ka ce mashi ta tsufa. Akwai 'yar manhaja PC Health Check da za ka sauke ta faɗa maka matsayin taka. Na gwada, laftof ta wuce, destof biyu duk suka faɗi.

Daren da na ɗora ba zan manta dashi ba. Na kwashe furojet ɗin mutane kaf na zuba a had dis na waje tukun, wannan kam ko mi za ka yi kar ka tsallake shi. Bayan isha'i na rufe ƙofa rabi na jona hotsifot ɗin wayata, abin ya haura giga 5 dan haka sai da na ƙara data a tsakiya. Ya ida sauka, ya fara ɗorawa, allo ya nuna kar a kashe kwamfuta, yana kashi 30 da wani abu kawai sai ɗif aka ɗauke wuta. Batirin laftof ɗin nan kau ya gaji, in ya yi minti 40 ya yi ƙoƙari. Haka na ɗauke ta a buɗe kamar mai ɗauke da tiren ƙwai, yarona na bina da caja, muka tsallaka titi wajen mai cajin waya da ke da janareta. Ya ce Malam lafiya? Na ce dan Allah ba ni soket ɗaya, bayani daga baya. Nan na zauna kan benci sauro na cizo har ta ida ta kunna kanta sau biyu ko uku. Dan haka in batirinka ba ya riƙe caji kar ka fara sai kana da sola ko janareta da mai a ciki. Alhamdu lillahi fayil ko ɗaya bai ɓata ba, Word da CorelDRAW duk na iske su inda na barsu, kuma ban biya ko sisi na lasisi ba tunda Windows 10 ɗina na gaskiya ne.

Da safe yarona ya zauna zai buga ma wata ɗaliba babi na uku sai na ji ya ce Yaya ina suka kai maɓallin sitat? Sun maido shi tsakiya. Wannan ba komi, cikin saitin akwai inda za ka maida shi hagu, minti ɗaya na gyara. Abin da ya fi damuna shi ne danna dama a kan fayil. Da komi na nan a jere, yanzu sun taƙaita shi, kwafi da yankewa da canza suna sun koma 'yan alamomi ƙanana, sauran kuma sai ka ƙara danna Show more options kafin su fito. Mai buɗe fayil biyar a yini ba zai ji ba, amma ni da nake yi ba adadi sati biyu na yi hannuna na zuwa inda babu komi. Yanzu na saba amma har gobe na fi son na da.

Sai sikana. Tsohuwar sikanata da ta yi mani shekaru ta ƙi magana da laftof ɗin kwata-kwata, na shiga shafin kamfanin da ya ƙera ta na iske sun daɗe da daina fitar mata da direba sabo. Firinta kam ba ta ba ni matsala ba, ina jonawa ta ɗauka. Sikanar na maida ta kan destof ɗaya, can take aiki har yau. Dan haka mai shago irin nawa kafin ka ɗora ka duba firinta da sikana da duk wata na'ura da kake ci da ita, ka tabbatar akwai direbanta.

Yanzu abin da ya burge ni, dan akwai, kuma ba zan ɓoye ba. Na farko yadda ake raba allo. Ka kai mawus kan maɓallin faɗaɗa taga sai ya nuna maka yadda kake son jera su, ni sai in sa hoton takardar ɗalibi a hagu Word a dama in yi ta bugu ba sai ina ta juyawa ba. Sannan foldoji yanzu suna buɗewa shafi-shafi a taga ɗaya kamar burauza, filash ɗin kwastoma nan, foldata nan, ja kawai. Notepad ma in ka rufe ba ka adana ba, ka dawo ka iske rubutunka na nan, wanda duk mai zama garin da wuta ke wasa da mutane ya san darajar wannan. Amma wanda ya fi su duka a wajena shi ne Snipping Tool da ke iya ciro rubutu daga cikin hoto. Ɗalibi ya turo hoton shafi da aka riga aka buga, maimakon in zauna in sake bugawa kalma-kalma sai in ciro in gyara kurakurai. Rubutun hannu kam bai cika ganewa ba, kuma in Hausa ce sai na bi na gyara ƙ da ɗ da ɓ da kaina, amma duk da haka aikin awa ɗaya ya koma na 'yan mintuna. Kibod ɗin Hausa ma yana nan yadda yake a Windows 10, da shi nake wannan rubutun.

Maganar sauri fa? Nan mutane ke ruɗuwa. Wallahi ban ga laftof ɗina ta ƙara gudu ba, kuma ba ta rage ba, yadda take haka take, dan dama SSD gare ta, wato ma'ajiyar zamani da ta fi had dis ɗin da sauri, da ram giga 8. Duk wanda ya ce maka ɗora Windows 11 zai sa kwamfutarka mai nauyi ta warke bai faɗa maka gaskiya ba. Na gani da idona a destof ɗina. Wani mai gyara ya ce mani ai Malam sharuɗɗan nan duk ana tsallake su, da wata manhaja Rufus ake haɗa filash ɗin ya hau kan ko wace iri. Gaskiya ne kau yana hawa. Na ba shi ɗaya ya ɗora, ita kuma had dis ɗin da ne mai juyawa da ram giga 4. Kunnawa kaɗai sai ka yi alwala ka dawo, ka danna Word ka jira, ɗalibi na tsaye kanka yana duba agogo. Ga shi su Microsoft da kansu sun ce irin wannan kwamfutar ba su da alkawarin ci gaba da turo mata afdet, to kenan tsaron da na yi abin dominshi ma babu tabbas. Na so in koma, sai na iske babu hanya, dan damar komawa ta kwana 10 ga wanda ya yi afgired a kan tsohon ne, shi kau fomat ya yi mata gaba ɗaya. Haka na ɓata yini guda ina maida Windows 10. Daga baya na saya mata ƙaramin SSD, kuma ka ga yadda ta miƙe, kamar ba ita ba. Kuɗin da na ba mai gyara da tun farko nan na sa su.

Akwai abu ɗaya da nake roƙon kowa ya kiyaye, dan na ga hawaye a kanshi. Windows 11 wajen saitawa yana neman intanet da akawun na Microsoft, kuma sababbin fitowarshi kan kulle had dis da wani tsarin tsaro da ake ce ma BitLocker su aje makullin cikin wannan akawun ɗin. Wata malamar makaranta ta kawo mani laftof ɗinta bayan an taɓa mata wani abu a ciki wajen gyara, allo shuɗi yana neman makullin nan mai lambobi 48. Na ce Hajiya wane imel aka sa lokacin da aka saita ta? Ta ce wallahi ɗana ban sani ba, wanda ya sayar mani shi ya yi komi. Muka kira shi ya ce shi imel da yawa yake buɗewa ba zai iya tunawa ba. Sakamakon ɗalibanta da hotunan bikin ɗiyarta duk suna ciki, ba abin da na iya yi mata, ta zauna nan kan kujera ta yi shiru ta daɗe. Dan Allah in za a saita maka kwamfuta ka tsaya a wurin, imel ɗinka za a sa da fasuwad ɗin da kai ka sani, ka shiga akawun ɗin ka kwafe lambar nan a takarda ka aje inda kake aje takardun gida.

Data ma a kula. Satin farko na ga tana tafiya ba dalili, ashe laifina ne ban gaya ma Windows ɗin layin waya nake amfani dashi ba. In ka shiga saitin waifai ka kunna Metered connection zai rage sauke abubuwa a ɓoye, kuma kana iya dakatar da afdet har sati 5, ni nakan bari sai dare ranar da na sayi data mai yawa.

To ya cancanta? A laftof ɗina eh, ban yi nadama ba kuma ba zan koma ba, in taka ta cika sharuɗɗa kuma tana da SSD da ram giga 8 ka yi bakaf ka ɗora. In ba ta cika ba kar ka tilasta mata kuma kar ka yar da ita. A 2025 Microsoft sun buɗe wani shiri mai suna ESU na ƙara ma Windows 10 afdet na tsaro, suka ce zai kai 13 ga Oktoba 2026, a lokacin ana biyan dala 30 ko a samu kyauta in ka haɗa saitinka da akawun ɗinsu, shi na yi ma destof mai SSD. Ɗayar kuma na cire ta daga intanet baki ɗaya, sikanin da taifin kawai take yi.

Ina ɗan tara kuɗi yanzu, bayan sallah in Allah ya kai mu zan shiga Kano Beirut Road in nemo wadda za ta maye gurbinsu. Kuma wannan karon ba zan tsaya ga sitikar Core i5 da ke manne a jiki ba, dan i5 kala-kala ce. Sai an kunna mani ita na shiga saitin na ga lambar da ke bayan 'yar sandar nan da idona, irin i5-8250U, 8 ɗin farkon nan shi ne ƙarninta, in na ga 6200 ko 7200 ko an rage mani kuɗi ba ni ɗauka.