Ciyawar shimfiɗa a wurin masu fulawa na Zariya: a zazzage buhu kafin a biya

Masu sayar da fulawa da dashe a bakin titi, irin na hanyar Samaru, kayansu na da rai, kuma ba sa ƙyashin nuna wa mutum yadda ake dasawa. Inda aikinsu ke da gyara shi ne ciyawar shimfiɗa. Duk abin da ke yaɗo a ƙasa "kafet" ne a bakinsu, ga shi a buhu ake ɗura maka, saiwa da ƙasa a cakuɗe.

Kada ka ji nauyi, ce masa, "Malam, ɗan zazzage min a ƙasa in gani."

Kafet ta gaske ganyenta faffaɗa ne mai dakusasshen baki, jijiyar yaɗonta kuma a baje take in ka matsa da yatsa. Tana jure inuwar mangwaro ko darbejiya, amma akwai ta da shan ruwa. Saiwarta ba ta nisa, don haka in hunturu ya kama a Nuwamba babu ban ruwa, kafin Maris ta ƙone. Ciyawar kiri-kiri kuwa ganyenta siriri ne, kore mai ɗan toka-toka, tana bi ta sama tana bi ta ƙarƙashin ƙasa. Rani ya busar da ita, ruwan Mayu ya tashe ta. Ita ta fi dacewa da gidan da ruwan famfo sai an ga dama, muddin filin na samun rana sosai. A yi mata iyaka da bulo, in ba haka ba har gindin fulawa za ta kutsa.

Babbar ɓarna aya-aya ce. Tana ƙarama sai ka rantse ciyawar kirki ce. Murza karanta tsakanin yatsu: in ka ji kusurwa 3, ita ce. A saiwarta za ka ga ƙwaya baƙa mai ƙamshi. Tsigewa ba ya kashe ta, domin ƙwayoyin a sarƙe suke a ƙasa, kowace na jiran ta tsiro. Buhun da ka tsinci ko da biyu a ciki, bar masa abinsa.

Gude-gude ma na shigar burtu, sai dai damina ɗaya ce ranta. Yatsun da ke kan furenta gajeru ne masu kauri, na kiri-kiri sirara kamar zare.

A saya a Yuni ko Yuli, a dasa a ranar, don buhun da ya kwana a ɗaure zafi yake ɗauka ya ruɓe. Tazarar santimita 15 ta isa, a danne da ƙafa, in ruwa ya ɗauke a riƙa ba ta safe da yamma har kwana 14.