Rediyon a-kori-kurata da masu haɗa waya a Amurka

Masu tambaya ko na yi mota, e na yi, amma kada a kai labari Ringim cewa wata tsaleliya ce. A-kori-kura ce, Toyota ƙirar 1994, ƙanwar Hilux ɗinmu, wadda tun 1995 aka daina sayar da irinta a nan, Tacoma ta gaje ta. Da ita nake ɗan kwashe-kwashen kaya a Houston idan na tashi daga aiki. Inji garau, sai dai rediyon na kaset ne, kuma da na faɗa rami sai ya ɗauke.

Na kai ta wani shagon masu sa rediyo. Yaron da ke kan tebur ko leƙa motar bai yi ba, ya ce sai an yanka mini rana. Aikin da rewayan bakin tasha zai gama kafin shayinka ya huce! Ga shi da awa suke lissafin kuɗin hannu, har ya fi kuɗin rediyon, kuma ko ƙusa ɗaya ba a kwance ba sai da na sa hannu a takarda.

Ranar da aka ba ni, mai aikin ya zaro tsohon rediyon, sai ya tsaya cak. Ya yafito abokinsa, suka haska fitila, suna dariya har da ɗaukar hoto. Sannan ya dube ni ya ce, “Kai ka yi wannan?” Wallahi ba ni ba ne, haka na saye ta a hannun wani Bature. Amma kunya ta rufe ni, don na gane aikin sarai. An gutsure soket ɗin kamfani, an murɗa wayoyi da hannu, an naɗe da salatif, zafin Texas ya narkar da shi ya zama danƙo. Wayar wuta a tsirara take, saura ƙiris ta taɓa ƙarfe. In an ce a bakin kasuwar Gujungu aka yi, ba zan yi musu ba.

Abin da ya biyo baya ne ya hana ni barci. Ya duba shekarar motar a kwamfuta, ya ɗauko soket irin nata sak, ya mayar mata, sannan ya kawo wani damin waya mai baki wanda ke shiga cikinsa ƙwas. Ashe kowace waya da launinta, kuma kusan duk kamfanonin rediyo sun yarda da shi. Rawaya daga batir, ja ta makulli, baƙa ta jikin ƙarfe. Fara da ruwan toka na sifikun gaba, koriya da shunayya na baya. Kowane haɗi sai ya ɗiga masa dalma, ya zura wata roba ya hura mata zafi ta tsuke. Da ya zo jan wayar amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, daga batir, bai wuce kamu ɗaya ba ya dasa fiyus. Ya ce in wayar ta goge da ƙarfe, fiyus ne zai ƙone, ba motar ba.

Mu kuwa fiyus ya ƙone, sai a cusa takardar kwalin sigari ko a ɗaura silin waya, a ce Allah ya kiyaye. A haka za a lodi mutane da buhuna da awaki ranar Alhamis a nufi Maigatari, ga galan ɗin fetur a bayan kujerar direba. Ba na ɗora wa rewaya laifin shi kaɗai. Mu masu mota ne ke cewa “a dai lallaɓa”, mu yi cinikin salatif, amma mu zuba kuɗi a sifika ƙatuwa don a ji mu tun daga bayan gari.

Duk da haka na yi kewar rewayanmu na gindin darbejiya. Mota ta mutu maka a hanyar Haɗejiya da magariba, ka kira shi, zai hau babur ya zo, ya ce kawo abin da ya sauwaƙa. Tsohon rediyon nan da suka jefa a shara a gabana, shi da buɗe shi zai yi ya gyara, ya ƙara shekaru yana aiki. Nan ko kujera kusa da motarka ba a ba ka, ta gilashi kake leƙe.

Sabon dai ba ya kama tashoshin gida, don haka Freedom Radio ta waya nake jawo ta da Bluetooth, labaran daren Kano su same ni da rana tsaka a kan titi. Na kira ƙanena mai jigilar Gujungu na ce ya bincika mini soket ɗin nan a Ƙofar Ruwa, in babu in aiko. Ya ce, “Yaya, ai tamu ko gidan fiyus ɗin babu, kuma tana tafiya.” Na ce ya dai turo mini hoton bayan rediyon tukuna.