Fedar birki mai laushi da mai tauri a motar lantarki: ciwo biyu ne daban

Malam, ka ce motarka ta lantarki ta fara tayar maka da hankali. Wata rana ka taka birki fedar ta yi laushi har ta kusa taɓa ƙasa, wata safiya kuma ta ƙage, sai da ka sa ƙarfi sosai motar ta tsaya. Bakanike ɗaya ya ce a fitar da iska, wani ya ce a sauya busta, wato na'urar da ke ƙara wa ƙafarka ƙarfi wajen taka birki, gaba ɗaya, kana tambayar wanda za ka bi. Kada ka biya kowa kuɗi tukuna. Laushi da tauri ba daga wuri ɗaya suke fitowa ba, kuma gwajin da zai raba su ba ya cin komai.

Laushi maganar man birki ce, kuma a nan motar lantarki da ta fetur duk ɗaya suke. Ka kunna motar a tsaye, ka taka fedar da sauri sau uku ko huɗu. Idan ta taso ta yi ƙarfi, iska ce ta shiga layin man. Idan kuwa ka danne ta ka riƙe, ka ji tana zamewa ƙasa a hankali, to ko dai akwai yoyo, ko robobin cikin masta, wato famfon da fedar ke dannawa ya tura mai zuwa tayoyi, sun mutu. Ka duba kofin man ko ya ragu, ka leƙa bayan kowace taya da tocila ko za ka ga danshi a jikin tiyo ko kalifa, wato abin da ke matse faifan birki. Shi kansa man yana shan ruwa daga iska. Man birki nau'in DOT 4 sabo ba ya tafasa sai ya kai digiri 230 a ma'aunin Celsius, amma wanda ya sha ruwa ƙa'idarsa ta sauko zuwa 155. Masu motar lantarki sun fi kowa mantawa da shi, tunda babu canjin baƙin mai da zai riƙa kai su gareji.

Tauri kuwa maganar wuta ce, kuma nan ne bambancin yake. A motar fetur, injin ne ke zuƙe iskar da busta ke amfani da ita ta taimaki ƙafarka. Motar lantarki ba ta da wannan injin, sai aka nemo wasu hanyoyi. Wasu, kamar Tesla Model S ta farko da Mitsubishi i-MiEV, suna da ɗan famfo na lantarki mai zuƙar iska. Wasu kuma ƙaramin moto ne ke tura masta kai tsaye, irin iBooster na kamfanin Bosch da ya fito a 2013, wanda ke cikin Tesla Model 3 da Chevrolet Bolt. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, duk waɗannan ba daga babban batir suke shan wuta ba, daga ƙaramin batir ne, wanda a yawancin motoci mai volt 12 ne. Babban batir na iya zama cike taf, ƙaramin ya gaji, fedar ta ƙage, fitilu su cika allon gaban direba. Taurin da ka ce yana zuwa da safe, bayan motar ta kwana, shi ya sa nake zargin wannan batir kafin komai.

Ka sa mita a kansa kafin ka kunna motar. Batir na gargajiya mai lafiya yana nuna kusan 12.6. Idan ya sauka zuwa 12 ko ƙasa, ya raunana. Bayan an kunna, ya kamata lambar ta haura 13, alamar motar tana caja shi. Ka girgiza kawunan batirin, ka duba fis ɗin birki da wayar da ke ɗaure a jikin ƙarfen mota. Idan motarka mai famfo ce, ka saurara: famfon da ba ya daina gunji yana nuna tiyonsa na shan iska, wanda ya yi shiru gaba ɗaya kuma ko ya mutu ko wuta ba ta isa gare shi.

Ta fuskar haɗari, laushi ya fi muni. Fedar da ta ƙage za ta tsayar da kai idan ka danna da iya ƙarfinka, sai dai tazarar tsayawa ta ƙaru. Wadda ke nutsewa tana iya kaiwa ƙasa babu komai. Ina roƙonka, idan ka ga man ya ragu ko fedar na zamewa, a ɗauko motar a kan babbar mota, kada ka ɗauki iyali a ciki ka ce bari a lallaɓa.

Wajen gyara ma sun sha bamban. Batir kowa zai iya sauyawa. Fitar da iska kuwa a yawancin waɗannan motoci sai da na'urar da ke magana da kwamfutar mota, domin ita ce ke buɗe bawul-bawul ɗin ABS, tsarin da ke hana tayoyi kullewa idan an taka birki, inda iska ke maƙalewa. Taka-ka-riƙe irin na da bai isa ba. Kuma wasu motocin suna farkawa su matse birki da kansu da zarar an buɗe ƙofar direba, don haka duk wanda zai sa hannu a kalifa sai ya bi matakin kashe tsarin da kamfanin ya tsara. Wayoyi masu launin ruwan lemo kuma na babban batir ne, ba a taɓa su.

Akwai sauyin da ba ciwo ba ne. Idan babban batir ya cika ko ya yi sanyi, motar tana rage birkin da babban moton da ke juya tayoyi ke yi mata yana mayar da wuta cikin batir, sai ka ji kamar tana zarcewa. Haka nan faifan birki yana tsatsa saboda rashin aiki, ya riƙa ƙara da safe.

A motarka da ta nuna alamun biyu, ka fara da auna batir, sannan man birki, sannan a karanta lambobin kuskure daga kwamfuta. Sai waɗannan sun fito lafiya, lambar kuma ta nuna busta, za a yi zancen sayen sabuwa.